Issifou Mai Banish da Allon Liman

Shekara biyu Issifou kafinta ya yi a Ankara ta Gana, ya dawo Zongon Lome da gwangwani ɗaya da girman kai. Man nan da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, kowa a Lome berni yake ce masa, yadda Faransawa suka bari. Shi kuwa sai banish, wai haka Ingilishi ke faɗa, kuma nasu ya fi. Kujera ya shafa, akwatin aure ya shafa, har muciyar matarsa Hannatu ba ta tsira ba. Ni ban taɓa ganin mutumin da ƙyalli ya ruɗa kamarsa ba.

Da gwamnati ta tashi Zongo ta mai da mu bayan gari, aka fara sabon masallaci. Liman Malam Alassani ne zai zaɓi mai yin ƙofofi, Issifou kuwa ya ƙwallafa rai. Ranar da Malam ya tafi jana'iza unguwar Agoè, sai ya lallaɓa zaurensa ya ɗauki allon da yake rubutun sha da shi, wanda kakan Malam ya zo da shi daga Katsina. Allon ya yi baƙi ƙirin da tawadar shekaru. Gogan naka ya kankare shi tas, ya shafe shi da banish sau uku, ya mayar yana jiran yabo.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, naƙuda ta tsananta wa Hannatu. Issifou ya sheƙo a guje.

"Allah gafarta Malam, a taimaka da rubutu, iyalina na kan gwiwa!"

Malam ya janyo allo, ya tsaya yana kallonsa. Ya tsoma alƙalami ya ja Bisimilla. Tawadar ta dunƙule ta gangaro kan zanensa. Ya sake, ta sake gangarowa. Issifou na tsugune, gumi na tsiyaya.

Sai da aka aro wani tsohon allo a maƙwabta, mai tsaga a gefe, aka rubuta aka wanke. Hannatu ta sauka lafiya kafin azahar.

Ƙofofin masallaci wani Bazabarme aka ba, ya yi su ba shafe-shafe. Ranar suna, a gaban jama'a, Malam ya miƙa wa Issifou allon kakan nasa.

"Riƙe," in ji shi. "Ba ya karɓar sunan Allah kuma. Ka riƙa duba fuskarka."