Simintin Tsakar Gidana

Ina tsaye bakin ƙofar ɗaki bayan la'asar, ruwan sama na dukan siminti, gaba ɗayansa yana gudu zuwa rariya. Rariyarmu kuwa bakinta a gindin bangon maƙwabciyata yake, ɗakin da take kwana, ginin ƙasa.

Ni na ce a yi simintin nan, kada a ɗora wa ɗana. Ya zo daga Kano ya tambayi abin da nake so, na ce na gaji da taɓo. Da can tsingaro ne a tsakar gidan, fasassun tukwanen da ni da maƙwabciyar muka kakkafa a tsaye tun muna goyo, muka cike tsakani da tsakuwa da yashi. In an yi ruwa, kafin ka idar da salla ƙasa ta shanye. Rijiyarmu ba ta taɓa ƙafewa ba, ita ma nan take ɗiba.

Ranar da magina suka zo ta leƙo ta ce, "Yaya, to ruwan ina za shi?"

Na ce mata hassada ce. A gaban maza na faɗa.

Damina ɗaya bangon ya jure. A ta biyu, ranar nan, ina kallo ya zauna. Allah ya sa tana madafa. Gadonta, kwanukanta, buhun geronta, duk ƙasa ta danne. 'Yarta ta zo daga Basirka ta tafi da ita a kan babur, da ƙunshin kaya ɗaya. Na tsaya a zaure, na kasa fita.

Da rani rijiya ta ja baya har guga na kwaso laka. Na sa ɗana ya fasa simintin, aka jera intalok, ƙananan bulon daɓe, da yashi a tsakani. Magini ya ce zai liƙe tsakanin don kyau, na ce ya ɗauki cokalin gininsa ya fita. Ruwa ya koma shiga ƙasa.

Lokacin na fara zuwa ajin manya. Wata huɗu na yi kafin hannuna ya iya wasiƙa. Na rubuta wa maƙwabciyata cewa ita ce da gaskiya, ta dawo, akwai ɗaki a gidana, 'yarta ta karanta mata. Na ba direban motar Gwaram mai bi ta Basirka.

Ran kasuwa ya yi sallama a zaure, ya miƙo mini takardar yadda na naɗe ta. Ya ce, "Inna, sai haƙuri. Na tarar ana sadakar ukun tsohuwar."