Hamad da Gwajin Hali

A unguwar Nuzla, a birnin bakin teku da ke kusa da Makka, aka haifi Hamad ɗan Usuman. Mahaifinsa da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa ta Sudan, bai koma gida ba. Hamad ya tashi da i'ina, wadda takan tsananta in ya tsaya gaban mai kaki ko mai ofis. Shi ya sa tuƙi ya kwanta masa. Ya daɗe yana jan tankar ruwa a lungunan unguwar Mahjar, ba a taɓa jin ya gogi katangar kowa ba.

A farkon shekarun alif ɗari tara da saba'in wani kamfani mai jigilar alhazai daga tashar jirgin ruwa zuwa Makka ya nemi direbobin bas. Gwajin tuƙi bai dami Hamad ba. Abin da ya tsinka masa zuciya shi ne, an ce akwai wani likita Bamisre da zai zaunar da mutum ya auna halinsa da tambayoyi. A wurin masu shayi har cewa ake yi wanda ya rikice a gabansa, mahaukaci ake rubuta shi.

"Halas, shi ke nan, na f-fasa," ya ce wa matarsa Mastura.

Mastura ba ta yarda ba. Kullum bayan la'asar sai ta ari tabaran mahaifinta, ta juya tiren shinkafa ya zama tebur, ta murtuke fuska tana kwaikwayon likitan.

"Ya sawwag, kai direba, tsohuwa ta ce ka tsaya ta yi alwala, kana tsakiyar hanya. Me za ka yi?"

Da farko dariya ke kama shi. Daga baya ta lura in ya ɗora hannuwa kan gwiwa kamar yana riƙe da sitiyari, maganar takan fito da sauƙi. Ta ce ya riƙa yin haka, kuma kada ya yi sauri.

Ranar gwaji, likitan, wani farin dattijo mai sanƙo, ya tambaye shi da Larabci abin da zai yi in fasinja ya zage shi. Harshen Hamad ya maƙale. Gumi ya keto masa. Likitan ya tura masa kofin ruwa, ya jingina da kujera yana jira.

Hamad ya sha, ya ɗora hannuwa kan gwiwa.

"Z-zan yi shiru. Baƙo ne, ya gaji, kuma bai ji harshen garin ba."

"In ya ci gaba fa?"

"In s-sauka gefen titi, har ya huce."

Likitan ya yi murmushi. "Tun yaushe kake da wannan i'ina?"

"T-tun haihuwa."

"Tayyib, ba laifi. Ba mai huɗuba muke nema ba."

Ya fito daga ofishin. Ya zauna a bakin matakala yana ta hamdala, har mai gadi ya zo ya tambaye shi ko lafiya.

An ɗauke shi. Da kamfanin ya gane yana jin Hausa, sai aka riƙa ba shi alhazan Kano da na Damagaram. Tsofaffi kan matso kujerar gaba su tambaye shi ɗan wane gari ne, shi kuma ya ce musu ɗan nan ne. A wannan layin ya yi aiki har idonsa ya raunana, ya ajiye makulli da kansa, ya buɗe ɗan shagon gyaran taya a unguwar Ammariyya.