Ranar da Kalilu Ɗan Amshi Ya Shiga Gaba

Da hantsi za ka tarar da Kalilu a gindin itacen bedi kusa da shingen kwastan na Jibiya, da basilla a hannu, yana ɗinke buhunan da suka fashe a manyan motoci. Direbobin Maraɗi sun san shi da Baba mai buhu. Kaɗan ne suka san ya shekara talatin yana yi wa marigayi Maɗugu na Bugaje amshi, mawaƙin da in ya ambaci manomi a gayya sai ya yi noman mutum uku.

Maɗugu ya rasu bara, ko kaset ɗaya bai bari ba. Samarin da ya kamata su gaje shi kuwa duk sun bi kuɗin kwangila zuwa birni. Waƙoƙin nan kaf, da sunayen manoman ƙauyukan Riko da Farfaru tun kakanni, a kan dattijo guda suka rage, ga shi tari ya fara matsa masa.

Wannan ya hana Zalika, 'yar Maɗugu, sukuni. Ta aro rikoda wajen wani direba, ta dire ta gaban Kalilu, ta danna. Kaset na juyawa, gogan naku ya yi tsit, sai gumi.

"Baba, mi ya faru?"

"Ɗiyata, ban taɓa farawa ba. Mahaifinki shi ka aje mani baiti, in ɗauka."

Hankalin duk wanda ke wurin ya tashi. Can Zalika ta share hawaye, ta ja amshin da ta tashi tana ji a gidansu: "Ɗau garma, Bugaje ta waye." 'Yan dako suka sauke siminti suka karɓa, har da wani ɗan kwastan mai muryar gwangwani. Kalilu ya ga an cike gurbinsa, ba inda ya rage masa sai na maigida. Ya gyara murya ya shiga. Kafin la'asar an cika kaset huɗu, ni kaina da nake cikin 'yan kallo sai a lokacin na saki ajiyar zuciya.

Kalilu, kai ne ka tsaya a baya shekara talatin ba ka nemi a ambace ka ba, ashe ko baiti ɗaya bai wuce ka ba. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya.

Ku kuma masu dattijo irinsa a unguwa, ku je ku zauna gabansa tun yana da numfashin rerawa. In ya kasa farawa, ku yi masa amshi.