Rabi Na Sa, Rabi Nasa

Arzika ɗan dako ne a mashigar Lolo, inda jiragen ruwa ke sauke buhunan da suka fito daga Benin. Da can siriri ne kamar sillen kara, har abokan aikinsa kan ce a ajiye masa buhun auduga kada ya karye. Da shi ake dariyar, amma tana yi masa ciwo.

Yana da sa guda da ya turke a bayan gida. Wata rana wani mai tallan magani daga ƙetaren iyaka ya kawo masa allurar da ke sa dabba yin nama. Da ya ga yadda san ya murje cikin wata biyu, sai ya ce a ransa ai nama nama ne. Daga ranar kwalbar ta zama ta su biyu, rabi na sa, rabi nasa.

Ya kuwa yi jiki. Wuya ya cika, buhu biyu yake saɓawa, masu tsokana suka koma ba shi hanya. Ƙuraje suka feso masa a baya, ya zama mai saurin fushi. Duk ran da ya gwada bari, jiki ya saki, duniya ta yi masa baƙi, ko tashi daga tabarma ya gagara. Sai ya koma.

Shekara shida da aure, duk yana kan allurar nan, matarsa Mero ko ɓatan wata ba ta yi ba. To wa zai kalli ƙato irin Arzika ya ce daga gare shi ne? Ita aka ɗora wa. Ta sha sassaƙen masu maganin Bahindi, ta sha saiwar na Kurgu, masu ɗacin da ke sa ta amai. Arzika na son haihuwa kamar ransa, yana kuma son Mero. Bawan Allah, shi ke rarrashinta yana cewa zai yi haƙuri da ita.

Rannan Hamma, wani dattijon makiyayi, ya zo aron san don barbara. Da ya hangi kwalbar a kan katanga sai ya fasa.

"Arzika, wagga ta shanun yanka ta. San da duk ya saba da ita, ko ya hau saniya ba a ganin maraƙi."

Ya ɗan dubi wuyan Arzika, ya juya ya tafi.

Arzika ya tafi asibiti a Bagudo shi kaɗai. Gwaji ya tabbatar da maganar Hamma. Likita ya ce in ya daina wataƙila abin ya dawo cikin shekara, wataƙila kuma a'a. Bai gaya wa Mero ba, kunya ta hana shi. Ya sayar da san, ya daure kwana goma sha tara ba allura.

Da safiyar na ashirin ya tarar da Mero riƙe da ƙoƙon jiƙo, tana yamutsa fuska.

"Maigida, wanga ya hi na da ɗaci. Halama shi za a dace."

"Allah shi sa," in ji Arzika.

Ya tsaya har ta shanye, sannan ya zaga bayan gida. Turken yana nan babu sa. Ya zuƙi allurar duka ya tsira wa kansa, tunda yanzu babu wanda za su raba.