Wanda Ya Riga Kowa Cigiyar Nazifi

Wata rana, Talata ce da hantsi, Baraka tana tankaɗe a tsakar gidanta a Funtuwa, sai ga surukarta Iya Gambo ta yi sallama, riƙe da kwanon ɗumame.

"Na biyo maigidan nawa ne," in ji tsohuwar, tana nufin jikanta Nazifi. "Kwana biyu ya ƙaurace mini. Yana ciki?"

Rariya ta tsaya cak a hannun Baraka.

"Iya, ba wajenki yake ba?"

A nan ne aka gane yaro ɗan shekara goma sha shida ya ɓata tun ranar Lahadi.

Kafin ku ce wace irin uwa ce wannan, ku tsaya ku ji.

Nazifi ɗan fari ne. Baraka kuma irin matan nan ce da aka raina da alkunya ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko "ɗan Iya". In ana zancensa, sai ta sunkuyar da kai. Shi ma ba Umma yake ce mata ba, Yaya yake cewa, yadda ya taso ya ji ƙannenta suna kiranta.

Ana yaye shi Iya Gambo ta ɗauke abinta. Ya tashi da gida biyu, layi uku tsakani. Yau ya kwana nan, gobe can.

In ba ya nan, Baraka ba ta tambaya. Ba rashin so ba ne. Tana sonsa kamar ranta. Amma tambayar ɗan fari a gaban mutane abin kunya ne, ita kuwa ba ta taɓa karya wannan ba.

Kaka ta ɗauka yana wajen uwa. Uwa ta ɗauka yana wajen kaka. Kwanon tuwonsa aka riƙa rufewa a gida biyu, ba mai ci.

To me ya fitar da shi?

Wasan waya. Irin gem ɗin nan na harbe-harbe da yara suke haɗuwa a intanet su buga.

Shekara ɗaya da wani abu, Nazifi ba ya ɗaga kai. Yana cin abinci da hannu ɗaya. Islamiyya ta zama sai ya ga dama. Sakamakon makaranta ya zo, ba kyan gani.

Ranar Asabar uban, Malam Isuhu, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya ya ga takardar. Bai dake shi ba. Ya karɓe wayar kawai, ya jefa a aljihun motarsa ya kulle. Washegari da safe ya kama hanyar Legas, yana ganin ya gama maganin abin.

Yaron ya fita bayansa da awa guda.

Aka shiga nema. Aka yi cigiya a masallatai. Aka kai sanarwa gidan rediyo, aka kai rahoto wajen 'yan sanda. Aka duba asibiti. Aka duba bakin dam, kowa yana addu'ar kada a samu komai. Malam Isuhu ya bar mota da kaya a hanya, ya juyo.

Baraka ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suna shigowa jaje, tana ce musu, "Allah zai bayyana shi." Sai ta shiga banɗaki take yin kukanta, ta wanke fuska ta fito.

Ranar Alhamis ƙaninta Saminu, malamin firamare, ya karɓi wayarta zai kira wani. Sai ya ga saƙonnin Turanci jere, ba a buɗe ko ɗaya ba. Ita ta ɗauka tallan kamfanin layi ne.

Ashe da lambarta Nazifi ya yi rajistar wasan, tun lokacin da ba shi da layin kansa. Duk saƙon da ya zo wayarta, shi ma yana ganinsa in ya shiga wasan.

Saminu ya karanta na ranar Lahadi da safe, ya fassara mata:

"Mun yi kewarka, Nazifi! Jiya ba mu gan ka ba. Kwana 412 ka yi a jere ba fashi. In ba ka dawo cikin awa shida ba, duk za su goge."

Ya karanta na azahar ɗin ranar: "Barka da dawowa, gwarzo."

Na Laraba: "Awa goma sha bakwai ka buga jiya. Ka shiga sahun zakaru."

Baraka ta dafe ƙirji. Yana raye. Wannan kaɗai ta ji.

Saminu kuwa ransa ne ya ɓaci. Ya zauna ya rubuta wa kamfanin wasan. Ya ce yaron nan ƙarami ne, ya ɓata, iyayensa suna nema, ga takardar 'yan sanda. Ku taimaka da inda yake, ko ku rufe masa wasan ya dawo gida.

Amsa ta zo cikin minti ɗaya. Inji ne ya amsa. Wai sun gode, saƙonsa yana da muhimmanci a wajensu.

Ya sake rubutawa. Suka ce ba sa bayar da bayanan abokan hulɗarsu.

Ya rubuta na uku, suka yi shiru.

A ranar kuma, a wayar nan dai, saƙo ya shigo: an yi wa Nazifi rangwamen sabuwar bindiga, saboda ƙwazonsa.

Sun san awa nawa ya buga. Sun san yaushe ya tsaya, yaushe ya ci gaba. Yaro ya yi awa goma sha bakwai a zaune, abin da ya zo musu a rai shi ne su taya shi murna.

Wadda ta gano shi ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Wata mai awara ce a bayan tasha. Ta ji cigiyar a rediyo, ta tuna wani ɗaki cike da yara da take kai awara kullum da azahar. Ranar Litinin, kwana takwas da ɓatan, ta aiko a faɗa.

Bai ma bar garin ba. Tafiyar minti goma sha biyar ce a Keke Napep.

Malam Isuhu ya tafi kiran 'yan sanda. Baraka ta yafa mayafi ta ce ba za ta jira ba. Saminu ya bi ta.

Ɗaki ne dogo, an toshe tagoginsa da kwali. Rana tsaka a waje, ciki duhu da wari. Wani mutum ne yake ba yara hayar waya. Wanda ya iya wasan sosai sai ya riƙe shi, yaron yana buga masa, shi yana sayar da matsayin da yaron ya kai. Ladan yaro awara da fiya wata, da tabarmar kwana.

Yara kusan ashirin, duk sun ba ƙofa baya, sun fuskanci bangon da soket yake. Ƙarar harbi ta cika ɗakin. Ƙeya iri ɗaya, wuya a lanƙwashe iri ɗaya.

Baraka ta duba ta duba, ta kasa gane nata.

"Kai!" ta ce. Ba wanda ya motsa.

"Yaron nan!" Shiru.

"Ɗan Iya!"

Ko ɗaya bai waiwayo ba.

Saminu ya buɗe baki zai kira, ta ɗaga masa hannu. Shekara goma sha shida sunan yana bakinta bai fito ba.

"Nazifi!"

Can ƙuryar ɗaki, yatsun wani yaro suka tsaya. Ya juyo a hankali. Ya rame, idanunsa jajir. Ya san muryar, ya san sunan, bai dai taɓa jin su tare ba.

Ya taso. Ta kama hannunsa suka fito haske.

"Me muka yi maka?" ta ce.

"Ba komai, Yaya. Su masu wasan kwana ɗaya ba su gan ni ba suka aiko nemana. Ku yaushe kuka san ba na nan?"

Tana iya yi masa ƙarya. Ba ta yi ba.

"Ranar Talata," ta ce.

A nan, a bayan tasha, gaban 'yan acaba da masu lodi, Baraka ta yi kukan da take ta ɓoyewa a banɗaki.

A ɗakin nan aka samu wasu yara biyu da ake cigiya, ɗaya daga Bakori, ɗaya daga Malumfashi. Mai ɗakin yana hannun hukuma.

Ba zan ce muku Nazifi ya warke ba. Har yanzu in ya zauna, manyan yatsunsa suna motsi su kaɗai. Akwai ranar da yake tashi da fushi, ba ya kula kowa. Ana kai shi wajen likita, ana kuma addu'a.

Kamfanin? Bayan sati uku suka tuna da Saminu. Suka turo masa saƙo, wai ya ba su tauraro ɗaya zuwa biyar kan yadda suka warware matsalarsa.

Wayar Baraka kuma har gobe tana ƙara: "Mun yi kewarka, Nazifi."

Sai dai yanzu an riga su. Kullum da safe, ko a gidan Iya ya kwana, Baraka tana takawa layi uku da ƙafarta, ta tsaya a zaure ta kira shi da sunansa, da ƙarfi. Matan unguwa suna dariya, wai Baraka ta zubar da kunya.

Ta ce su yi ta yi.

Darasi:

Wanda ya ƙera wasan da ke ƙirga kwanakin yaro, ya tsorata shi da asara in ya huta kwana ɗaya, ya san abin da yake yi. In za su iya gane ɗanka bai zo jiya ba, za su iya gane ya wuce ƙima yau. Ba su so ba ne, kuma ya kamata hukuma ta tambaye su dalili.

Mu kuma iyaye, ƙwace waya ba ya isa. Alkunya abu ne mai kyau, amma kada ta kai har inji ya riga ka cewa ɗanka "mun yi kewarka". Su ba shi suke kewa ba, lokacinsa suke so. Yaro bai san bambancin ba sai ya ji naka.

Yau, kafin ka ajiye wayar nan, tambayi kanka a ina ɗanka ya kwana jiya. Gani ka yi, ko ɗauka ka yi?

Tura wa duk gidan da yaro yake da ɗaki biyu, kowa yana zaton yana ɗayan.