Soson Kaka da Ragar Gwaggo

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gidan ɗana a unguwar Vittin, iska ta kaɗa wani busasshen soso da ya nannaɗe a jikin katangar maƙwabta, 'ya'yan cikinsa suka yi ƙara. Babu wanda ya shuka shi, babu kuma wanda zai tsinke shi. Masu babura suna ta wucewa zuwa cikin gari, ko kallonsa ba su yi ba. Ni kuwa sai hawaye. Tun da maigidana ya rasu abu kaɗan ke sa ni kuka, ba na kuma ɓoyewa. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka ku karɓe shi yadda ya fito daga bakina.

A unguwar Zogbeli na tashi, a gidan kakata wadda ta haifi babana. Gidan ƙasa ne, maƙwabtanmu yawanci Dagombawa. Bayan banɗaki, inda ruwan wanka ke kwarara, nan soso yake fitowa, ya hau danga, ya yi fure rawaya. Kowa a gidan yana da sosonsa da ƙusar da yake rataye shi. Ba a aro. Ba a barinsa a ƙasa cikin kumfa. In ka gama sai ka ɗauraye shi, ka yarfe, ka rataye inda rana za ta same shi. Kaka takan bi ƙusoshin tana shinshinawa, wanda ta ji ya fara wari sai ta jefa shi wajen wanke-wanke, ta yanko wa mai shi sabo, ta haɗa masa da faɗa.

Soso iri biyu ne a wajenta. Wanda aka bari ya bushe a jikin danga har ya yi ƙara, wannan mai kaushi ne, na diddige da gwiwa, na maza masu dawowa daga gona. Na jarirai da tsofaffi kuwa, ana tsinkarsa ne yana fara rawaya, a jiƙa shi har ɓawon ya saɓule, a wanke yauƙin, a bubbuga shi a kan dutse, a shanya. Yakan fito fari, da laushi kamar tsohon zane.

Kaka tana cikin tsofaffin matan da ke wankan gawa a unguwarmu. Ba su faɗin abin da suka gani, haramun ne. Amma suna da wata magana da kowa ya sani. In sun fito daga ɗaki, idan sun tarar an kula da mamaciya a ciwonta, babu datti a bayan kunne, babu gyambon kwanciya, sai babbarsu ta ce, "Jiki ya ga hannu." In ba haka ba, sai ta ce kawai, "Mun gama." Ba ta zagi kowa ba, ba ta tona asirin kowa ba. Amma gidan da aka ce wa "mun gama", mata sukan daɗe suna tunawa, har lokacin da za a je neman aure a cikinsa. Kaka ta faɗi duka biyun da bakinta sau da yawa, ta kuma san nauyin kowanne.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ƙi, wuta ta cinye gonaki, kasuwa ta koma tebura babu kaya. Muna cin tuwon masarar taimako mai rawaya, sau ɗaya a wuni in an samu. Sabulun kanti ya ɓace. Wani sabulu aka riƙa dafawa a bayan gidaje, mai cin hannu kamar wuta, mutane suka sa masa suna kar-ka-taɓa-ni. Ruwan wanka ma sai mun tafi madatsar ruwa da bokiti a ka. Ina budurwa ƙarama a lokacin, ƙirji bai gama fitowa ba. A cikin wannan hali ne Kaka ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Bakinta ya karkace amma ana jin maganarta. Innata ce ke mata wanka, ni ina riƙe ta.

Ana haka aka koro mutanenmu daga Nijeriya, Gwaggo ta dawo. Ƙanwar babana ce, ta yi shekaru a Legas ba wasiƙa ba saƙo. Ta sauka da akwati ɗaya, da rediyo mara batir, da fuska ja, wuya baƙi, don man da take shafawa bai kai wuyan ba. An koro ta kamar akuya daga gonar mutane, amma ta shigo gidanmu tana toshe hanci. Komai namu ƙauyanci ne. Kokonmu ƙauyanci, tabarmarmu ƙauyanci, gaisuwarmu ma ta yi mata tsawo.

Washegari ta shiga banɗaki ta fito riƙe da soson Kaka da yatsu biyu.

"Wannan fa na waye?"

Inna ta ce, "Na tsohuwa ne."

"Da wannan kuke wanke mini uwa? Soson tukunya? A Legas ko kare ba a wankewa da wannan."

Ta wurga shi bayan danga. Ta buɗe akwati ta zaro wata doguwar raga shuɗiya, irin ta masunta, wadda mutanen kudu ke wanka da ita. Ta ce daga yau ita za ta riƙa yi wa uwarta wanka, tunda ga shi an bar ta a hannun bare. Inna ce baren. Matar da ta shekara goma sha wani abu tana dafa wa tsohuwar nan abinci.

Ku lura da lokacin da ta zaɓa. Ba da sassafe ba, lokacin da Inna ke yi. Sai rana ta ɗaga, mata sun fara shigowa duba mara lafiya, sannan za ta ɗaura zane a ƙirji, ta sa a fito da Kaka tsakar gida a bayan labule, ta riƙa ɗaga murya, "Kawo ruwa! Kawo sabulu!" don kowa ya ji 'yar Legas tana hidimar uwa. Ta goga kar-ka-taɓa-ni a jikin ragar nan, ta kama bayan Kaka da hannu biyu kamar mai kankare ƙasan tukunya. Fatar tsohuwa ce, mai yunwa, siririya kamar ɓawon albasa. Ina riƙe da kafaɗunta, ina jin jikinta yana rawa.

Kaka ta ce, "A hankali."

"Yi haƙuri Mma, dauɗa ce ke fita. Dubi abin da suka bari a jikinki."

Na duba. Ba dauɗa ba ce. Fata ce ke murmushewa a cikin ragar, ruwan da ke gangarowa ya yi ja-ja. Matan da ke zaune a kan tabarma suna ta cewa, "Allah ya yi albarka, haihuwa ta yi rana." Ba su ga bayan labule ba.

Inna ta gaya wa Baba. Ya sosa gemu ya ce ba ya shiga tsakanin uwa da 'ya, ya ɗauki hularsa ya fita. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne a masallaci.

Ba a daɗe ba bayan Kaka ya buɗe, tsakanin kafaɗu da kuma ƙasa wajen ƙugu, inda take kwanciya a kai. Ya fara ruwa, ya fara wari, ƙudaje suka gane ɗakin. A nan ne hidimar Gwaggo ta ƙare. Ta ce ƙirjinta ba ya son wari, likita ya hana ta tun a Legas. Ta wanke ragarta tas, ta rataye a ɗakinta, ta shiga harkar kalabule, wato ɓoye kaya a sayar da tsada, tana yawo tsakanin unguwar Sakasaka da kasuwa da gwangwanin madara a ƙarƙashin mayafi. In ta dawo sai ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Mma, ya jiki?" Ba ta jiran amsa.

Wata safiya Inna tana juya Kaka, sai tsohuwar ta kama mata hannu da hannunta mai lafiya. Ba ta taɓa roƙon surukarta komai ba, tsakaninsu akwai kunya. Ta ce, "Yarinya, ba mutuwa nake tsoro ba. Ƙawayena ne za su wanke ni. Kada su fito su ce sun gama."

Inna ta sunkuyar da kai, ta fita. Ta zaga bayan banɗaki. Duk garin ya bushe, amma soson nan yana nan da ransa, don ruwan wankanmu yake sha. Ta sami ɗaya da ya fara rawaya, ta tsinka, ta jiƙa, ta bubbuga, ta shanya. Ta ƙona ɓawon ɗorawa da karan dawa ta tace tokar, ta dafa ɗan sabulu da man kaɗe, mara cin jiki. Kullum bayan asuba sai ta ɗumama ruwa, ta jiƙa soson har ya yi laƙwas, ta bi jikin Kaka da shi tana dannawa, ba gogawa ba. Gyambon kansa soso ba ya taɓa shi. Ruwan gishiri take zuba masa, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta shafe gefensa da man kaɗe. Bayan kunne, ƙarƙashin nono, tsakanin yatsun ƙafa, babu inda take tsallakewa. In ta gama ta ɗauraye soson da ruwan zafi ta kai shi rana. Muna juya tsohuwa daga wannan gefe zuwa wancan duk lokacin da aka yi kiran salla. Ruwan da Inna za ta yi wanka da shi, shi take ba ta. Ita kanta sai ta goge jiki da tsumma.

Kaka takan harare ni da ido ɗaya ta ce, "Ƙawata, riƙe ni da kyau. Hannu kamar na ɗan tsako, wa zai aure ki?" In ce mata mijinta zan ƙwace a lahira. Ta yi dariya da rabin baki.

Damina ta dawo, aka ga kore a gari, Fulani suka fara shigowa da nono. Gyambon ƙugu ya rufe. Na kafaɗa ya fi taurin kai, yau ya bushe gobe ya tsage, har muka fid da rai. Daga baya shi ma ya haɗe, ya bar tabo fari. Bayan girbi Kaka ta rasu, da rana, Inna tana ba ta kunu.

Ƙawayenta suka zo suka shiga ɗaki suka sauke labule. Tsakar gida cike da mata. Ni ina tsugune kusa da murhu wajen Inna, idona a kan labulen, don na san tabon yana nan, ban kuma san yadda za su ɗauke shi ba. Sun daɗe a ciki. Da babbarsu ta fito, ta goge hannu a zane, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Jiki ya ga hannu."

Kafin ta rufe baki Gwaggo ta zube ƙasa tana birgima. "Wayyo Mma! Na yi iyakar ƙoƙarina! Da hannun nan nawa na wanke ta!" Mata suka rufu a kanta suna ba ta haƙuri, suna shaida cewa da idonsu suka gan ta tana yi. Gaskiya ne kuwa, sun gani. Ita suka gani. Wa ke zuwa dubiya da asuba?

Na ce wa Inna, "Ba za ki yi magana ba?"

Tana tura itace a murhu, hawaye na bin kumatunta. Ta ce, "An faɗa ko ba a faɗa ba?"

Na ce an faɗa.

"To, je ki ɗebo ruwa, baƙi za su yi alwala."

Gwaggo ta ci wannan yabo har ƙarshen ranta. Duk taron suna, duk gidan biki, sai ta ba da labarin yadda ta baro dukiyarta a Legas don ta zo ta yi jinyar uwarta. Har aure ta samu da shi. Ta rasu tuntuni. An ce a riƙa cewa Allah ya jiƙan mamaci, to na ce. Amma ban taɓa ganin mace mara nauyi irinta ba, kuma tsufa bai sa na canja ra'ayi ba.

Da maigidana ya kwanta ciwonsa na ƙarshe, yadda Inna ta yi haka na yi masa. Sai da na sa aka nemo mini soso daga ƙauye, don a kasuwa yanzu raga ce ko'ina, ja da kore da shuɗi, an rataye kamar kayan ado. Ranar da ya rasu maza suka wanke shi suka fito, babu wanda ya ce komai. Maza ba su da wannan magana. Matan ma yanzu sun daina, waɗanda suka san ta duk sun tafi. Maigidan nan nawa kuwa shi ne mai cuɗa mini baya shekara da shekaru, in yara sun fita, yana tsokanata wai bayana ya fi fuskata kyau. Wayyo ni.

Kwanan baya na ce wa matar ɗana hannuna ba ya kaiwa baya, kafaɗa ta riƙe. Yarinya ce mai fara'a, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Da yamma ta dawo daga aiki ta miƙo mini leda da raga a ciki, ta ce, "Mama, ga wannan, doguwa ce. Ki kama nan da nan, ki ja. Ba sai kin jira kowa ba."

Na karɓa na yi godiya. Sai a ranar na gane amfanin tsawonta. Soso gajere ne, dole wani ya tsaya a bayanka. Raga kuwa an yi ta ne don wanda ba shi da kowa. Da ita nake wanka yanzu, ina ja, ina kuka, famfo yana zuba, babu mai ji.