Sunan Mai Gona

Shekara biyu da gama jami'a ina zaune a gida a Birnin Kudu, sai aka ɗauke ni aikin wucin gadi na yi wa manoma rajista, domin gwamnati ta san waɗanda za ta bai wa taki mai rangwame kafin damina. Aka yi mana horo na kwana uku, aka ba kowa na'ura mai kama da faffaɗar waya, da riga mai tambari. Murna ta hana ni zama. Rigar nan sau biyu na goge ta, na ratsa kasuwa da ita ba don ina da abin saye ba. Abu ɗaya mai horar da mu ya yi ta nanatawa, na rubuta shi har na ja masa layi: duk abin da za a shigar, daga bakin mai rajista zai fito, ba daga bakin maƙwabci ba.

Maruta aka tura ni, a ƙasar Gwaram. Mai unguwa ya sa aka ajiye mini benci a gindin darbejiya. Ranar ƙarshe bayan azahar, layin mata ya kawo kan wata dattijuwa. Mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba, ita ta share gonar da kanta, ruwa kawai take jira. In ba ta shiga ranar ba, ba ta da takin bana, don da la'asar za a rufe.

Ta faɗi sunanta, ta ce gero da gyaɗa suke shukawa. Sai na'ura ta nemi sunan mai gona, kuma ba ta wucewa sai an cike gurbin.

Na ce, "Inna, gonar ta wace ce, ko ta wane ne?"

"Ta mai gidan ce."

"Yaya sunansa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam."

"Malam wa?"

"Malam dai."

Ya kamata a ce na gane tun a nan. Ban taɓa jin mahaifiyata ta kama sunan mahaifina ba, ni kaina ɗan fari ne, "kai wannan" take ce mini har gobe. Amma ina jin rigar ce ta ɗebe mini hankali, ko da yake ba zan ɗora mata laifin duka ba.

A bayan Inna akwai ƙanwar mijinta, abokiyar wasanta, mace mai baki. Ta leƙo ta ce, "Faɗa masa mana, amarya. Kin tsufa kina tuƙa masa tuwo ba ki san sunansa ba?"

Inna ta ce, "Allah ya shirye ki."

Ƙanwar mijin ta juyo gare ni ta ce, "To ma'aikaci, ni in faɗa? Yayana ne, ciki ɗaya."

Da na ce to, da magana ta ƙare. Sai na ji bakina yana cewa ƙa'ida ba ta yarda ba, sai daga bakin mai rajista. Ƙanwar mijin ta juya ta sanar da layi cewa gwamnati ta ce yau sai amarya ta kira sunan angonta. Layi ya watse, mata suka zagaye bencin. Wata ta ce a kawo wa Inna ruwa ta jiƙa maƙogwaro. Na kira shugabanmu a waya, bai ɗauka ba. Inna ta fara gyara mayafi za ta tafi, ta ce in dai sai da wannan ne, gonar ta ci takin shanu.

Na miƙe da sauri. Na ce, "Tsaya, Inna. Ni zan riƙa kiran sunaye. Wanda ba shi ba, ki ce a'a. Ina ganin a'a ma daga bakinki ta fito."

Na fara da sunayen annabawa. A'a. A'a. Na koma na sahabbai, mata suna taya ta amsawa baki ɗaya kamar 'yan amshi. Na shiga sunayen ranaku, wata ta ce wannan ai nata mijin ne, kada a ba shi gonar mutane. Dariya ta kama ni har na'urar tana rawa a hannuna, ga ma'aikacin gwamnati yana share hawaye da hannun riga. Can na kira wani suna, sai Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya tana kallon darbejiya. Wata ta rangaɗa guɗa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na ce, "Inna, in ba shi ba ne ki ce a'a." Ba ta ce komai ba, kafaɗunta ne kawai ke girgiza. Na rubuta. Sai na'urar ta nemi sunan mahaifin mai gona, wato surukinta, wanda ya fi na farko nauyi. Na dubi rana, na dubi ƙanwar mijin, na ce, "Baba, yaya sunan mahaifinki?" Na lallashi kaina da cewa ubanta ne, tana da ikon faɗa. Ta faɗa har da laƙabinsa.

Na'urar ta yi ta juyawa, sannan ta karɓa. Na rubuta wa Inna lambarta a takarda, ta ƙulle a bakin zani, ta ce, "Yanzu gwamnati ta ji?"

"Ina jin ta ji, Inna."

Ban gamsu ba sai bayan mako uku, da na hau mota musamman na je Gwaram inda aka manna sunaye a bango. Na bi da yatsa har na same ta, na karanta sau uku don kada ya zama wata ce mai irin sunanta. Takin ya ɗan makara, amma mai unguwa ya tabbatar mini ta karɓi nata tun gero bai wuce gwiwa ba.